Buta uku ba ta isata alwala ɗaya, don Allah ku ba ni shawara

Ɓoyayyen Memba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ɓoye sunana ne saboda akwai 'yan unguwarmu a gidan nan. Ni tela ne, shekarata 27. Yau kusan shekara huɗu ina fama da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai mahaifiyata, ita ma rabi na faɗa mata. In na tsuguna alwala sai na ƙarar da buta uku. Na wanke hannu, na zo fuska, sai zuciyata ta ce ban yi niyya ba, in koma farko. Na kai ƙafa, ta ce akwai lam'a a gwiwar hannu. Ana kiran azahar nake sauka daga kan keke, amma sau da yawa liman zai sallame ina bakin famfo. In na tsaya ni kaɗai kuma, kabbarar harama sai in yi ta sau bakwai, sau goma, har yaran shago sun fara kwaikwayona in na ba da baya.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babban shi ne abin da ke faɗo mini a zuciya ina cikin sujada, maganganu a kan Ubangiji waɗanda ko da wuƙa a wuya ba zan rubuta su ba. Sai in yanke sallar, in je in yi wanka, in sake kalmar shahada. Akwai ranar da na yi wankan nan sau biyar. Don Allah masu sani, na kafirta ne? Aljani ne? Ko hauka ce take sallama?

Maman_Khairat:
Wa alaikumus salam. Wayyo ƙanena, sai da na yi ƙwalla. Allah ya yaye maka, ya sa kaffara ce. Bari masu ilimi su zo.

Abu_Sumayya:
Raunin imani ne da sakaci da azkar. Ka riƙe na safe da na yamma, Falaƙi da Nasi ƙafa uku-uku, ka rage danna waya. Shaiɗan ba ya kutsawa gidan da aka kulle.

Ɓoyayyen Memba:
@Abu_Sumayya wallahi azkar ɗin ma ya zame mini wani aikin. In na karanta sai in ga kamar ban fitar da harafi daidai ba, in sake. Na safe kaɗai yakan kai ni ƙarfe tara ban buɗe shago ba.

Malam_Na_Zaure:
Abu Sumayya, a riƙa sassauta hukunci. Wanda ke wanka sau biyar don tsoron kada ya fita daga addini ba shi za a kira mai raunin imani ba.

Ɗana mai tambaya, ka nutsu ka karanta. Ba kanka farau ba. Ya zo a Sahihu Muslim daga Abu Huraira cewa wasu sahabbai sun je wajen Manzon Allah (SAW) suka ce suna jin wani abu a ransu wanda ɗayansu ba zai iya furta shi ba saboda girmansa. Ya ce, har kun ji shi? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai suka ce ƙin abin da suka yi da firgitar da ya jefa su ciki, su ne alamar imanin. Kuma a Buhari da Muslim an yafe wa al'ummar nan abin da zuciya ta raya muddin ba a furta ba, ba a aikata ba. Saboda haka ba ka kafirta ba. Daga yau babu wanka, babu sabunta shahada a kan wannan abu.

Batun sallah kuwa, ka tuna Ahalarin da aka biya mana muna yara. Ya ce mai waswasi ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kai, ya yi sujada ba'adi kawai. Annabi (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, ruwan da bai kai lita guda ba. Kai kana ƙarar da buta uku. Tsakanin kai da shi wa ya fi sanin tsarki?

Dalibin_Ilimi99:
Allah gafarta Malam, ina da ishkali. Ai a Malikiyya kokwanto a kan hadasi yana warware alwala. In ya bi maganarku ba zai riƙa sallah babu tsarki ba?

Malam_Na_Zaure:
@Dalibin_Ilimi99 haka ne, ga lafiyayye. Ƙarasa karanta layin mana: sai dai in mai waswasi ne, to babu komai a kansa. Shi ne mustankihi a bakin malaman fiƙihu, wanda kokwanto ya aura, yana zo masa kullum ko da sau ɗaya a yini. Hukuncinsa daban ne. Kuma don Allah kada ka sake jefa irin wannan tambayar a gaban mai wannan lalura, kamar ka miƙa wa mai tari yaji ne.

Bakano_Zalla:
Ku daina kewaye-kewaye jama'a. Wannan shafar aljanu ce ƙarara. Maƙwabcinmu haka ya yi, aka yi masa ruƙiyya kwana bakwai da man habbatus sauda, yanzu garau yake.

Nas_Hauwa:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, shekarata 11 a wurin. Ba zan yanke maka hukunci ta waya ba, sai likita ya zauna da kai. Amma irin abin da ka zayyana muna ganin sa kusan kowane mako, sunansa a asibiti OCD, wato ciwon tunani mai naci da ke tilasta wa mutum maimaita abu. Ba hauka ba ne. Mai shi ya san abin da yake yi ya wuce kima, shi ya sa yake ɓoyewa. Kusan mutum 2 cikin kowane 100 suna gamuwa da shi a rayuwarsu, kuma galibi yana somawa ne daga balaga zuwa shekara ashirin da 'yan kai.

Ga yadda yake kama mutum. Tunani ya faɗo, gaba ya faɗi, sai ka yi wani abu don ka ji sanyi: ka sake alwala, ka yi wanka, ka tambayi malam. Sanyin ya zo na minti biyar. To nan tarkon yake, domin ƙwaƙwalwa ta ɗauka ashe da gaske akwai haɗari, maimaitawar ce ta tserar da kai. Gobe sai ta buga ƙararrawa fiye da ta yau. Kamar susar ƙazuwa ne, daɗin yana cikin susar, ciwon ma yana cikinta.

Mugun tunani kuwa kowa na yi. A 1978 wasu masana biyu a Ingila, Rachman da de Silva, sun tambayi mutane lafiyayyu, kusan 8 cikin 10 suka amsa cewa irin wannan tunanin yana faɗo musu. Lafiyayye yakan ce "kai, shirme" ya wuce abinsa. Mai OCD shi ne zai tsaya ya kafa wa tunanin kotu, shi ne alƙali, shi ne wanda ake tuhuma. Kuma ciwon yana cafko abin da mutum ya fi ƙauna ne. Mai addini ta addininsa, uwa ta jaririnta. Kiristoci ma suna zuwa mana da tunanin saɓo a cikin coci.

Bakano_Zalla:
Ku dai 'yan asibiti komai sai kun laƙa masa sunan Turanci. Waswasin da Alƙur'ani ya faɗa shi ne kuma ya koma OCD?

Sadiq_Saikoloji:
@Bakano_Zalla ba Turawa suka fara ɗaukar sa a matsayin ciwo ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin musulmi da ya rasu a shekarar 934, ya ware babi guda a kan waswasin zuciya cikin littafinsa na lafiyar jiki da ta rai, ya lissafa shi cikin cututtukan da ake yi wa magani, har ya gargaɗi mai shi da ya guji kaɗaici da zaman banza. Waswasi kowa shaiɗan na yi masa. Amma in ya kai mutum yana asarar awa uku a bakin famfo, abin ya zama lalura.

Ummu_Affan:
Ban taɓa zaton zan rubuta wannan ba, amma tunda ka yi ƙarfin hali bari ni ma in yi. Bayan na haifi ɗana na biyu, ina cikin wankan jego, wata rana ina yanka albasa yaron na kwance a tabarma gefena, sai kawai hoton wuƙar a jikinsa ya gifta mini. Na yi jifa da ita, jikina na ɓari. Daga ranar na tattara duk wuƙaƙen gidan na ƙulle a leda na kai ɗakin kishiyata, na ce mata tsoron yara nake. Da cokali nake yanka tumatir. Ba na yarda in zauna da shi mu biyu, ko wanka sai na kira ƙanwata ta tsaya a kaina. Wata biyar ina kuka a banɗaki, ina ganin ni muguwar uwa ce, kuma in na faɗa za a ƙwace mini yaro a kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Ranar da muka je allurar rigakafi wata nas ta ga yadda na rame ta ja ni gefe, na fashe mata. Ita ta haɗa ni da likita. Abin da ya fara ce mini shi ne uwar da ke ɓoye wuƙa don tsoron ɗanta ba ita ce abin tsoro ba. Yanzu yaron yana aji biyu a firamare, kuma ni nake yanka masa lemo.

Maman_Khairat:
Allahu Akbar. Maman Affan Allah ya saka miki. Wallahi na taɓa jin irin wannan sau ɗaya ina riƙe da Khairat a saman bene, ban taɓa faɗa wa ko babanta ba.

Nas_Hauwa:
@Ummu_Affan sannu 'yar'uwa. Amma bari in raba abu biyu don masu karatu. Irin naki tunani ne da uwa ke ƙi, take gudunsa. Akwai wani daban da kan kama mai jego, wanda za ta daina barci sam, tana jin muryoyi, ko ta yarda da gaske cewa jaririn ba mutum ba ne. Wannan na gaggawa ne, ranar za a kai ta asibiti, ba a jiran arba'in. Haka nan duk wanda abin ya kai shi ga jin gara ya mutu ya huta, kada ya kwana bai gaya wa wani nasa ba, a kai shi ga likita.

Zee_Classic:
Lol ni ma ina da OCD wallahi, ba na iya ganin gado a hargitse, kwanukana ma sai na jera su kala-kala 😂

Tsohon_Mai_Waswasi:
@Zee_Classic ke tsafta gare ki, Allah ya ƙara. Ke in kin jera kwanuka daɗi kike ji. Mu kuka muke yi muna yi.

Ɗan'uwa tela, ni direba ne, nawa ta saki ya biyo. In na ce wa iyalina "je ki" ko "tafi mana", sai zuciyata ta ce ai ka sake ta. Har tari in na yi sai in ce ko kalmar ce ta fita. Malamai goma sha na zagaya da tambaya ɗaya. Kowa ya ce aurenka na nan, in ji daɗi zuwa la'asar, da magariba in ce ai ban ba shi labarin daidai ba, in nemi wani. Na kai ina naɗar maganata a waya in muna hira da ita, don in saurara daga baya.

Abin da ya taimake ni biyu ne. Likita ya ɗora ni a kan wani magani, fluoxetine, sannan aka haɗa ni da wata mai ba da horo, muka rubuta abubuwan da nake tsoro daga ƙarami zuwa babba. Aikin farko: in ce wa matata "je ki kawo ruwa", in zauna, ba saurarar waya, ba kiran malam. Ranar farko gumi ya jiƙa mini riga kamar na ture mota. Wajen minti arba'in tsoron ya fara sauka da kansa, ba tare da na yi komai ba. Ban taɓa sanin yana sauka ba, don ban taɓa ba shi dama ba. Ban ce na warke tas ba, in na gaji ko na yi doguwar tafiya yakan leƙo. Amma yanzu na gane muryarsa.

Sadiq_Saikoloji:
Wannan horon shi ake kira ERP, wato ka tunkari abin tsoron da gangan, mataki-mataki, ka hana kanka maimaitawar. Wani masani a Landan, Victor Meyer, ya fara bayyana shi a 1966, kuma har yau shi ne kan gaba. Ku duba ku ga, kusan abin da Malam_Na_Zaure ya kawo ne daga Ahalari: kada ka kawo abin da kake kokwanto a kai.

Hajiyar_Gwale:
Ni ta ɓangaren iyali zan yi magana, don mu ma muna shan tamu. Maigidana haka yake da najasa. Kura ɗaya ta mai ruwa ba ta kai mana kwana biyu. In yaro ya taɓa masa riga sai an wanke, in kaza ta ratsa tsakar gida sai an kwarara ruwa. Kullum tambaya, "Kin tabbata kin ɗauraye sau uku?" Ni kuma don a zauna lafiya sai in ce e, in sake ɗaurayewa a gabansa. Shekara tara ke nan. Hannuwansa duk sun tsage saboda omo.

Dan_Kurna:
Hajiya kura nawa ce yanzu a wajenku? Mu nan in aka ɗauke wuta kwana biyu 'yan garuwa sai su ninka kuɗin jarka, ba ko kunya.

Mai_Shayi_Sabo:
Ai gara ku. Mu sai ka yi layi tun asuba a borehol ɗin masallaci.

Admin_Fati:
Jama'a a dawo kan magana. Mai son zancen ruwa ya buɗe nasa.

Nas_Hauwa:
@Hajiyar_Gwale Hajiya ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, na san don ƙauna kike yi. Amma duk sanda kika sake ɗauraya a gabansa, ciwon kika ciyar, ba shi ba. Ba cewa nake ki daina rana ɗaya ba, rigima za a yi. A samu lokacin da yake cikin nutsuwa ku yi yarjejeniya: amsa ɗaya za ki riƙa ba shi, in ya sake tambaya ki ce "Alhaji na riga na amsa." Kuma ki lallaɓa shi ku je asibiti tare.

Hajiyar_Gwale:
Hmm. Sista ba ki san Alhaji ba ne. In na ambaci asibitin ƙwaƙwalwa ranar sai na kwana gidanmu.

Dan_Maradi:
Mu nan Nijar ma haka abin yake. In ka ce za ka kai mutum Pavillon E, sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai, dangi sai su ce ka tona musu asiri. Wana ya yi shekara shida ana yawo da shi wurin masu rubutu da masu hayaƙi, an sai da tumaki biyu a kai. Ni ban hana addu'a ba, muna yi har gobe. Amma wani mai ruƙiyya da ya ce masa aljana ce ta aure shi, sai ya ƙara masa sabon abin tsoro a kan na da. Sai da lokotoro ya gan shi aka samu sauƙi.

Bakano_Zalla:
To ai ba kowane mai ruƙiyya ne na gaskiya ba. Ni dai abin da na gani da idona na faɗa.

Malam_Na_Zaure:
Ba a hana kowa tofi da ayoyin Allah ba, mutum ya yi wa kansa ma ya fi. Neman magani kuma umarni ne. Ni da kaina na taɓa raka ɗalibina asibiti, na zauna a benci har aka kira shi.

Ɓoyayyen Memba:
Na gode ƙwarai, wallahi tun jiya nake karantawa ina maimaitawa. Amma Allah gafarta Malam, tambaya ɗaya. Sahabban nan su a zuciya abin ya tsaya. Ni akwai ranar da nake ganin kamar leɓena ya motsa. In ya motsa fa? Shi ma an yafe? Kuma Anti Nas, in na je asibiti ba za a rubuta ni cikin mahaukata ba? Ina neman aure.

Tsohon_Mai_Waswasi:
Malam don girman Allah kada ku amsa masa ta farkon. Ƙanena, ka ga wannan "in ya motsa fa"? Ita ce buta ta huɗu. An ba ka amsa jiya, ka ji sanyi, yau ciwon ya ɓullo ta wata kafa. In Malam ya ce an yafe, gobe za ka ce in harshe ne ya motsa fa. Na bi hanyar nan har ƙarshenta, babu komai a can sai wata tambayar. Kuma maimaita karanta amsoshin nan da kake yi, shi ma ka rage.

Malam_Na_Zaure:
Direba ya riga ni. Na amsa maka jiya, ɗana, amsar ba ta canza ba.

Nas_Hauwa:
Taka ta biyu zan amsa, sau ɗaya. Yawancin masu OCD ba a kwantar da su, kati za ka yanka ka ga likita ka koma shagonka. Abin da kuka tattauna sirri ne. Dokar mahaukata ta 1958 ma an maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. In a Kano kake akwai Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau, Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya. In an ba ka magani ka sani ba farasitamol ba ne, yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsa sosai, kuma ba a yanke shi kai tsaye don an ji sauƙi. Kada wanda ya ga sunan magani a sama ya tafi kemis ya saya wa kansa. Ka kuma tambaye su ko akwai mai yin horon da direba ya faɗa, don ba ko'ina ake samu ba.

Abu_Sumayya:
Na janye maganata ta farko, ɗan'uwa ka yafe ni. Amma har yanzu ina ganin a fara da addu'a kafin ƙwaya. Magungunan nan an ce in ka fara ba ka dainawa.

Ummu_Affan:
@Abu_Sumayya ni na sha na shekara ɗaya da rabi, likita ya riƙa rage mini a hankali har na daina. Wasu kuma suna daɗewa a kai. Kowa da nasa.

Ɓoyayyen Memba:
Na dawo. Jiya da magariba na ɗebi ruwa a kofin silba ɗaya na bar butar a shago. Na yi alwala sau ɗaya, zuciyata na ihu cewa ban shafi kunne ba, na miƙe na shiga sahu haka nan. Ƙafafuna har rawa suke. Rabona da samun raka'ar farko a jam'i tun azumin bara. Ban sake ta ba. Amma isha'i ta kayar da ni, sau uku na yi. Asibitin kuma ban yanke shawara ba tukuna, sai na yi magana da Hajiyarmu.

Tsohon_Mai_Waswasi:
Magariba taka ce. Gobe da asuba kofin nan dai, kada ka canza babba.

Bakano_Zalla:
Ma sha Allah. Amma dai ka haɗa da habbatus saudar.

Lami_Tudun_Wada:
Sai yanzu na ga wannan zancen. Ni nawa ba na alwala ba ne, kulle ƙofa ne da kan gas, sai na dawo daga bakin titi sau huɗu ina dubawa, har na rasa aiki ɗaya saboda makara. Anti Nas, a Barnawa wace rana ake ganin sababbin zuwa?